Muhawara: Da jini ake sayen zama ɗan ƙasa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun da na ji cewa daga watan Yulin 2025 Denmak ta fara sa 'yan mata masu shekara 18 a ƙuri'ar aikin soja na dole, kafaɗa da kafaɗa da samari. Norwe ta riga ta, dokarta ta fara aiki a 2015, Suwidin ta biyo baya a 2017. Hujjarsu ita ce tun da haƙƙi ɗaya ne, nauyi ma ya zama ɗaya. To wannan cinikin tsoho ne. Romawa sukan ɗauki mutumin da ba ɗan Rum ba, ya yi musu shekara 25 a ƙarƙashin tuta, ranar sallama a ba shi ɗan allon tagulla mai shaida cewa ya zama ɗan ƙasa. Har yau ana tono irin waɗannan alluna. Abin da nake so mu tattauna: in mata da tsirarun ƙabilu suka shiga kaki, hakan na sayo musu cikakken matsayi a ƙasa? Ni dai abin da na gani a tarihi, gwamnati kan ɗauki alkawari ranar da wuta ta kama ta, ta manta ranar da aka kashe wutar.

Sadik:
Wa alaikumus salam. Malam, ni a wurina maganar a fili take. Wanda ya tare harsashi da ƙirjinsa ya fi wanda ya kwana a gida haƙƙi a kan ƙasa. Mata na neman daidaito a ofis da majalisa, amma in aka ce bakin daga sai ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. Denmak ta yi daidai.

Talatu:
Ƙanena Sadik, shekara nawa ka yi a bakin dagar?

Sadik:
Yaya, ai ba sai na je ba kafin in faɗi ra'ayina.

Talatu:
Haka ne. Ni shekara tara na yi, na fito da igiya biyu. Bari in ba ka labarin ranar farko. Aka jera mu gaban sito ana rabon kaya. Takalmin da ya fi kowanne ƙanƙanta ya fi ƙafata da lamba biyu. Mai sito ya ce in cusa tsumma. Na cusa. Tafiyar horo ta farko, da muka dawo na cire safa tare da fatar dunduniyata. Sulke kuwa an ɗinka shi ne don ƙirjin namiji: in na kwanta zan yi harbi sai ya turo hular ƙarfe ta rufe min ido, in na zauna cikin mota gefensa ya soke ni a cinya. Da na faɗi a wata kwalta saboda ban ga gabana ba, abin da aka rubuta shi ne mata ba su da juriya. Ba wanda ya rubuta cewa kayan ba nawa ba ne. Kada ka ɗauka talaucin runduna ne kawai. Amurka da duk kuɗinta sai wajen 2012 ta fara gwada sulken da aka yanka daidai jikin mace, bayan mata sun kwashe shekaru suna sintiri a Iraki da Afganistan. Saboda haka in ka ji shiru, ka fara tambaya wa ya kulle ƙofar. A Jamus sai da wata mai suna Tanja Kreil ta kai ƙara kotun Tarayyar Turai, ta ci a 2000, sannan aka bar mata suka riƙe makami. A Indiya sai 2020 kotun ƙoli ta tilasta a ba hafsoshi mata aiki na dindindin a rundunar ƙasa. Da kotu muke shiga wurin da kake cewa muna gudu.

Saje Mai Ritaya:
Kofur, na sara miki. Maganar takalmi gaskiya ce, na gani da idona. Amma ni ma bari in faɗi tawa. Kayan da sojan ƙasa ke ɗauka a baya ba su san mace ba, ba su san namiji ba. In abokinka ya faɗi da rauni, kai za ka ja shi da duk kayansa. Abin da ke ɓata wa maza rai a bariki shi ne a rage wa wani ma'auni sannan a ba ku igiya ɗaya.

Talatu:
Ranka ya daɗe, a nan ba mu da faɗa. A sa ma'auni a kan aikin: mai ɗaukar babbar bindiga ga abin da zai iya, mai rediyo ga nasa, direban tanka ga nasa. Wanda ya ci ya shiga. Mata kaɗan ne za su ci na sojan ƙasa, na yarda. Maza da yawa ma faɗuwa suke, ba a taɓa cewa a hana duk maza ba.

Saje Mai Ritaya:
Wannan kam haka ne. Na sallami ƙarti da yawa suna kuka.

Isufu:
Ku yi haƙuri in mayar da mu kan tambayar Malam Habu, don ni ta taɓa ni har gida. Kakana ya yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu. Ya bar wata ƙaramar akwatin ƙarfe, ciki akwai littafinsa na soja da ya yi laushi kamar tsumma, lambar yabo ɗaya, da damin takardun fansho da ya ɗaure da zare. Ina yaro nakan raka shi karɓar kuɗin. Sai ya sa rigarsa mafi kyau, ya maƙala lambar, mu yi layi tun safe. Abin da ake ƙirgo masa a tafin hannu, ko ni yaro na san bai kai wahalar zuwan ba. Bai taɓa ƙorafi a gaban ma'aikacin ba, sai ya ƙame ya yi godiya da Faransanci. Sai da na girma na gane dalili. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana hawa duk shekara, nasa yana nan inda aka bar shi. Sai 2007 aka fara daidaitawa, aka kammala wajen 2011 bayan hukuncin kotun tsarin mulki. Kafin nan mun daɗe da binne shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma shi ya ma yi sa'a. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamban 1944, sojojin Afirka da suka fito daga hannun Jamusawa suka nemi a biya su haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama sun ce ɗaruruwa ne. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi.

Maman Zahra:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan kaka.

Isufu:
Amin, na gode Hajiya.

Sadik:
To amma ai akwai waɗanda cinikin ya yi wa rana. Na karanta cewa Blaise Diagne, ɗan Senegal da ya zauna a majalisar Faransa, ya samo wa mutanensa takardar zama 'yan Faransa ta wannan hanyar.

Malam Habu:
Ya samo, Sadik, kuma ka kyauta da ka kawo shi. Amma duba lissafin. Dokar 1916 ta tabbatar da zama 'yan ƙasa ga mutanen garuruwa huɗu kacal na Senegal: Dakar, Gorée, Rufisque da Saint-Louis. A 1918 shi Diagne ya zagaya Afirka ta Yamma ya tara wa Faransa kurata sama da 60,000, kuma mafi yawansu sun dawo yadda suka tafi, talakawan mulkin mallaka. Garuruwa huɗu suka ci riba, yanki guda ya biya.

Misalin da ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne na Yahudawan Jamus. Kimanin 100,000 suka yi wa Jamus yaƙin duniya na farko, kusan 12,000 suka mutu. Ana tsakiyar yaƙin, a 1916, rundunar ta sa a ƙirga su don a gano ko suna zillewa bakin daga. A 1935 dokokin Nuremberg suka tuɓe musu 'yancin ɗan ƙasa. Akwai masu lambar yabo a cikin waɗanda aka loda a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa na Hitila daga baya. In da jini na sayen ƙasa, ai waɗannan sun biya har da ƙari.

Ga Amurka kuma. Baƙar fata sama da miliyan ɗaya suka yi yaƙin duniya na biyu, a rundunonin da aka ware musu. A Fabrairun 1946 wani saje, Isaac Woodard, yana hanyar gida sa'o'i kaɗan bayan sallama, da kakinsa a jiki, 'yan sanda a South Carolina suka sauke shi daga bas suka yi masa dukan da ya makantar da shi har abada. Amurkawa 'yan asalin Japan kuwa, 'ya'yansu na mutuwa a Italiya da Faransa a runduna ta 442, iyayensu na tsare a sansanoni, mutum kusan 120,000. Sai 1988 aka ba su haƙuri da dala 20,000 kowane mai rai.

Saje Mai Ritaya:
Malam, Allah ya gafarta, ka faɗi rabi ka bar rabi. Labarin Woodard ɗin nan na cikin abin da ya tunzura Shugaba Truman, har ya sa hannu a 1948 a kan umarnin hana wariya a cikin soja. Rundunar ta riga makarantu, ta riga jiragen ƙasa, ta riga rumfar zaɓe, don dokar kare ƙuri'ar baƙar fata sai 1965. Ni na san abin da bariki ke yi wa mutum. Ka kwana rami ɗaya da wanda aka raine ka a kan ƙin ƙabilarsa, ku sha ruwa a gora ɗaya, ya ɗauke ka a kafaɗa. Bayan nan ko an zage su a gabanka ba ka iya dariya. Kuma wanda ya koyi tsayuwa a gaban wuta, in ya dawo gida ba ya sunkuya wa kowa yadda ya saba.

Malam Habu:
Ranka ya daɗe, wannan jumlar taka ta ƙarshe ita nake nema. Wani baƙar fata, Medgar Evers, ya dawo daga yaƙin Turai, ya je jefa ƙuri'a a Mississippi a 1946, aka tare shi da bindigogi. Ya shiga gwagwarmaya har aka harbe shi a ƙofar gidansa a 1963. Kakin ya ba shi zuciya da hujja, na yarda. Haƙƙin kuwa sai da ya sake wani yaƙin a gida, kuma wannan na biyun ne ya ci shi.

Ustaz Nura:
Bari in sa baki ta wani ɓangare. A daulolin Musulunci na da, wanda ba Musulmi ba yakan biya jiziya, a ɗauke masa fita yaƙi, a kare shi. Daular Usmaniyya ta soke jiziya a gyare-gyaren 1856, amma ta maye gurbinta da kuɗin fansar aikin soja, sai 1909 aka fara ɗaukar Kiristoci da Yahudawa aikin dole da sunan kowa ɗan ƙasa ne. Shekara shida bayan haka, a 1915, aka karɓe makaman sojojin Armeniyawa aka mayar da su rundunar ƙwadago, aka hallaka da yawansu. Wato sa mutum a kaki ba ya nufin an amince da shi. Game da mata kuma, masu cewa addini bai san mace a fagen fama ba su koma sira. Nusaiba bint Ka'ab ta tsaya da takobi tana kare Manzon Allah (SAW) ranar Uhudu, ta sha raunuka, daga baya ta rasa hannu a Yamama. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti na jinyar masu rauni, a can aka kai Sa'ad bin Mu'az bayan Handaƙ. Sai dai malamai ba su wajabta wa mace fita ba in ba gari aka afka wa ba. Halasci daban, tilas daban.

Maman Zahra:
Yawwa Ustaz, nan nake jira a zo. Ni uwa ce, 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya. Wai daidaito shi ne a zo a ɗebe min duka huɗun maimakon ɗaya? Wannan wane irin ci gaba ne, na mai haƙar rijiya? Sannan ku maza da kuke ƙirga jini, wa ya ƙirga na ɗakin haihuwa? Wa ke jinyar sojan da ya dawo ba ƙafa, ko wanda ke firgita cikin dare yana ihu? Mijin ƙanwata ya dawo lafiya a ido, amma shekara uku ita ke kwana zaune. Ba ta da lamba, ba ta da fansho, ba a yi mata fareti. In aka ce sai mai bindiga ne cikakken ɗan ƙasa, ita mece ce, 'yar haya?

Talatu:
Hajiya, wallahi ban ƙi ta taki ba. Ni na zaɓa da kaina, ba na so a tilasta wa 'yar kowa. Abin da na ƙi shi ne a hana mai so, sannan a juyo a yi mata gorin ba ta je ba.

Malam Habu:
Kuma gorin nan an yi shi a zahiri. A Siwizalan, inda aikin soja ke kan kowane namiji, ɗaya daga hujjojin hana mata ƙuri'a shi ne ba sa ɗaukar bindiga. Sai 1971 suka samu ta tarayya. New Zealand kuwa ta ba mata ƙuri'a tun 1893 ba tare da wani yaƙi ba. Birtaniya ce abin dariya: ana cewa 1918 ladan aikin yaƙi aka ba mata, amma dokar ta tsaya a kan masu shekara 30 zuwa sama da ke da sharaɗin dukiya. 'Yan matan da suka cika masana'antun harsashi, waɗanda sinadari ya mayar da fatarsu rawaya, yawancinsu ba su kai 30 ba. Sai 1928 aka daidaita.

Sadik:
To ku duba Koriya ta Kudu mana. Saurayi ya bar karatu ya yi wata 18 a bariki, budurwa sa'arsa ta wuce shi a aiki. Da ana ƙara musu maki a jarrabawar aikin gwamnati, kotu ta soke a 1999 wai an zalunci mata. Shi ba a zalunce shi ba?

Maman Zahra:
An zalunce shi, ɗana. Amma wa ya ɗauke masa wata 18 ɗin, budurwar ko gwamnati? Ya bi wanda ya ci bashinsa. A biya shi albashin kirki, a riƙe masa gurbinsa.

Sadik:
Hajiya kin iya kashe baki.

Isufu:
Abin bai ma zama tarihi ba. Faransa na da doka tun 1999 da ke ba sojan rundunarta ta 'yan ƙasashen waje takardar ƙasa in ya ji rauni a fagen fama, har suna ce masa Bafaranshe ta jinin da ya zubar. Gurkawan Nepal sun yi wa Birtaniya yaƙi kusan shekara 200, amma waɗanda suka yi ritaya kafin 1997 sai 2009 aka yarda su zauna a ƙasar. Rasha kuma a 2024 ta ce baƙon da ya sa hannu a kwantiragin shekara ɗaya zai iya neman fasfo shi da iyalinsa. Duk sanda na ga irin wannan tallar sai in tuna akwatin kakana.

Talatu:
Mata ma an ci moriyar ganga da su ba sau ɗaya ba. Tarayyar Sobiyat ta sa mata wajen 800,000 a kaki a yaƙin Hitila. Lyudmila Pavlichenko ita kaɗai an ƙirga mata mutum 309 da bindigar hari daga nesa. Ana gama yaƙi aka sallami kusan dukansu, wasu har ɓoye lambobinsu suka riƙa yi don kada a ce musu matan bariki, su rasa mijin aure. A Aljeriya mata sun ɗauki bama-bamai sun sha azaba a hannun Faransa a yaƙin neman 'yanci, a 1984 aka yi dokar iyali da wasu daga cikin waɗannan tsofaffin mayaƙan suka fito titi suna adawa da ita. A Eritiriya kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan 'yanci mata ne. Yau can mace da namiji duk ana ɗiba, a takarda wata 18, a zahiri ba ranar fita. Ga daidaiton da Hajiya ke tsoro.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. A shekara tarana, ban taɓa jin tsoron daji kamar yadda na ji tsoron wani ofis da ake kirana bayan an tashi aiki ba. Kuma wanda zan kai wa ƙara shi ne mai ofishin. A Amurka sai da aka kashe wata soja, Vanessa Guillén, a 2020, iyalinta suka tayar da ƙura, sannan majalisa ta ƙwace hukuncin gurfanar da irin waɗannan laifuka na cin zarafin mata daga hannun kwamandoji.

Saje Mai Ritaya:
Kofur, wannan ba ni da bakin musu. Mun sani, mun yi shiru. Allah ya yafe mana.

Talatu:
Amin, ranka ya daɗe. Ko wannan da ka faɗa, ba kowa ke iyawa ba.

Sadik:
Yaya Talatu, na janye maganar shirun da na yi, ki yi haƙuri. Amma tambaya ɗaya tsakani da Allah: bayan duk wannan, in 'yarki ta ce za ta shiga, za ki bar ta?

Talatu:
Ba komai ƙanena. Shekararta 16, kuma ta riga ta faɗa. Na yi mata faɗa, na nuna mata tabon dunduniyata, na gaya mata labarin ofishin nan ba tare da na rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe. Washegari na shiga ɗaki na same ta ta jawo tsofaffin takalman nawa daga ƙarƙashin gado tana gwadawa. Ita daidai suka yi mata.